Hayaƙin da Ya Fito Daga But ɗin Bukar

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Babagana,

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, Ya tsare ka a hanyar da za ka kama gobe tun daga unguwarmu Lamisula har Kano, Ya kau da idon mugu daga motar da za ka shiga, Ya sauke ku kafin la'asar.

Za ka yi mamakin ganin Falmata ta miƙo maka takarda alhali ƙofar ɗakinka tana kallon tawa. Kai ɗan fari ne, bakina bai saba da doguwar magana da kai ba sai in faɗa ne. Abin da zan faɗa kuwa ba faɗa ba ne, shi ya sa na ba ƙanwarka ta kawo maka a rubuce. Ka karanta har ƙarshe, ban yarda ka ninke ta a tsakiya ba.

Kana gaya wa mutane cewa ƙarin sanin aiki za ka je nema. Ni na san ba shi ba ne. Sunanka ne ya ɓaci a tasha, direbobi suka daina kawo maka motocinsu a sa musu sifika, suna cewa kai ne ka kusa sa a harbe Bukar. Wata tara ke nan kana ɗauke da wannan magana. Ni na ɓata maka sunan nan, kuma zan gaya maka yadda aka yi tun daga tushe, don kada ka maimaita kuskurena a garin mutane.

Ka san mahaifinka, Allah Ya ji ƙansa, bai yi boko ba. Amma ban taɓa ganin kunne irin nasa ba. Mota za ta tsaya a ƙofar shagonmu na Kasuwar Kwastam, kafin direba ya kashe rediyo ya riga ya ce sifikar baya ta hagu ta yage. Abin da ya gagare shi kawai shi ne takardun Turanci da ke zuwa a cikin kwalaye. Da yamma sai ya kawo mini gida in karanta masa, tunda na gama sakandare. Ta nan na shiga sana'ar, kuma ta nan girman kai ya shige ni. Na ɗauka wanda ya iya karanta takarda ya fi wanda ya iya riƙe waya.

Wata rana ya kawo kwalin wufa, wato babbar sifikar nan da ake sawa a but don ta ba da kauri a sauti. A jikin kwalin an rubuta ƙarfinta, wat dubu ɗaya da ɗari biyu, da jan rubutu kamar tafin hannuna. Na ce masa lallai wannan sai amfilifaya, na'urar da ke tura mata ƙarfi, mai wat dubu da ɗari biyu, in ba haka ba an cuce ta. Ya ɗaga wufar, ya jinjina nauyin maganaɗisunta a hannu, ya yi dariya.

Ya ce, "Hajja, wannan in ta sha dubu, ni ma zan shanye dam ɗin Alau gaba ɗaya. Duba can ƙasa, akwai wani ɗan rubutu."

Na duba cikin fushi. Can a shafi na ƙarshe na ga haruffa uku, RMS, a gefensu an sa ɗari uku. Ashe babbar lambar ta talla ce, abin da sifika za ta iya jurewa na ƙiftawar ido. Ƙaramar ita ce abin da za ta iya ɗauka tun safe har yamma. Shi bai san sunan haruffan ba, amma hannunsa ya riga ni sani. Don haka a Kano, inda na ji kwalaye sun fi namu ado, kada jan rubutu ya ruɗe ka. Ka nemi ƙaramar lambar a jikin wufa, ka nemi irinta a jikin amfilifaya, ka haɗa su daidai ko amfilifayar ta ɗan ɗara kaɗan. Mutane ma haka za ka riƙa auna su. Wanda ya cika faɗin abin da zai iya, ka jira ka ga abin da yake yi kullum.

Da mahaifinka ya rasu, a lokacin da dokar hana fita ta sa ake rufe kasuwa tun rana na sama, 'yan uwansa suka ce a sayar da shagon. Na ƙi. Na zauna a bayan kanta da makullin sito a ƙugu, kai kuma kana shiga ƙarƙashin motoci. Mutane sun yi ta magana a kan mace a layin masu waya, ban kula su ba.

A nan na yi kuskure na biyu. Wani saurayi daga unguwar Jiddari Polo ya kawo motarsa ka sa masa wufa. Ka gama, ka ce za ka ja motar bayan gari ku gwada. Na ce wane irin ɓata lokaci ne wannan, ga wasu motoci biyu suna jira, a kunna a nan. Ka dube ni, ka ce, "Umma, kwana huɗu ke nan da abin da ya faru." Kana nufin bam ɗin da ya tashi a gari a makon. Na ce na ce a kunna.

Dum ɗaya wufar ta yi. Babagana, har yau ina ganin layin nan. Masu tura baro suka watsar da kaya, mata suka ɗebi yara a guje, masu shaguna suna jan ƙofa. Wata tsohuwa mai sayar da kuɓewa da daddawa ta faɗi a bakin kwata, gwiwarta ta fashe. Kai ne ka ɗauke ta ka wanke mata ciwon, ka tattara mata kayanta ɗaya bayan ɗaya. Tana kuka tana zagi da Barbarci, kana cewa wushe, wushe, wato sannu, ba ka ce uwarka ce ta sa ba.

Garin da za ka je ma ya ga nasa tashin hankalin. Kada ka taɓa gwada wufa a cikin jama'a. Ka fara da ƙasa-ƙasa, ka sanar da maƙwabtanka na shago kafin ka ɗaga. In an kira salla ka kashe, ko da mai motar yana huci. Sana'armu ta ƙara ce, amma ba a ba mu kunnuwan mutane mu yi yadda muke so da su ba.

Tun daga ranar na tsani ƙarar wufa. Maimakon in yarda cewa ni ce na yi ganganci, sai na ɗora laifin a kan ƙarfin amfilifaya. Na ƙudura a raina cewa daga yau ƙanana za mu riƙa ɗaurawa. Ƙarama ba ta da ƙarar da za ta tsorata kowa, kuma a tunanina ba ta da ƙarfin da za ta lalata sifika. Har ina jin kamar tarbiyya nake yi wa samarin gari ba su sani ba.

Sai ga Bukar. Ka san shi tun kana ƙarami, mahaifinka ne ya sa masa rediyonsa na farko a motar haya. Ya zo da wufarsa sabuwa mai ɗaukar wat ɗari huɗu, ya ce yana so in ya kama hanyar Damaturu barci ya ji tsoronsa. Ka ce in ba ka amfilifayar da ke saman kanta a sito, mai ɗari biyar. Na shiga na fito da mai ɗari da hamsin na ajiye a gabanka.

Ka ce, "Umma, wannan ta yi mata kaɗan."

Na ce, "Kaɗan ɗin nake so. Babbar ce za ta ƙona masa sifika."

Ka sassauta murya don kada a ji, ka ce, "Ba ƙanƙantar ba ce matsalar. Zai ji sautin bai kai ba, zai yi ta ƙarawa. In aka matsa wa ƙarama ta wuce iyakarta, sautin da take turawa ya daina fita sumul, sai ya riƙa karcewa. Wannan karcewar ce ke dafa wayar koyil da ke cikin wufa. Baba ya sha nuna mini."

Da ka ambaci mahaifinka ne raina ya ɓaci, domin na san gaskiyarka ce ta fara kama ni. Na ɗaga murya a gaban Bukar da masu shagon kusa. Na ce yaushe aka haife ka da za ka koya mini wat, ni da na karanta wa ubanka takardun nan tun kana rarrafe. Bukar yana dariya yana cewa, "Hajja ta fi ka gaskiya, injiniya, sa mana abin da ta ce." Ka sunkuyar da kai, ka ɗauki ƙaramar.

Na zauna ina kallon ka kana aikin, kuma zan faɗa yau tunda ban faɗa a ranar ba: ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba. Ka ja waya mai kauri daga batir, ba siririyar da wasu ke ɓoyewa a ƙarƙashin kafet ba. Ka kankare fenti har ƙarfe ya yi fari kafin ka ɗaure wayar ƙasa. Inda waya za ta ratsa ƙarfen mota ka sa mata roba. Ka sa fis mai tsinkewa in wuta ta yi yawa kusa da batir, tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Na ce maka fis ɗin jikin amfilifaya ya isa, kana ɓata mana lokaci. A wannan kam ba ka saurare ni ba, ka yi kamar ba ka ji ba. Sannan ka daidaita ɗan maɓallin ƙarfin da ke jikin amfilifayar da sukuddireba, kana kasa kunne kamar mahaifinka, ka tsaya daidai inda sautin yake fita lafiya. Ka ce wa Bukar kada ya taɓa shi, kuma kada ya jibga kaya a kanta, tana bukatar iska.

Kwana goma sha ɗaya aka yi. Ran nan bayan azahar sai ga Bukar a shago, rigarsa duk ƙasa, goshinsa ya sale, leɓɓansa sun bushe. Bai yi sallama ba.

Ka san yadda shingen sojoji na bakin gari yake. Fasinja su sauka su taka da ƙafa hannu a sama, direba ya matso shi kaɗai ya buɗe but. Bukar ya taho tun daga Damaturu da kiɗa a ƙure, buhunan wake a kan amfilifaya, ga zafin rana. Ya kashe rediyo kafin shinge kamar kowa. Yana ɗaga murfin but sai hayaƙi ya turnuƙe, ga wari, ga baƙin akwati da jar waya da baƙa suna fita daga cikinsa. Kai ma ka san abin da soja zai gani a irin wannan akwatin a garin nan. Aka yi ihu, kowa ya kwanta. Bukar ya kifa fuskarsa a kan kwalta mai zafi, bakin bindiga a ƙeyarsa, yana kalmar shahada. Allah Ya sa wani babba a cikinsu ya san warin sifikar da ta ƙone, ya matsa a hankali ya duba. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Da ni ce a wurin da bindiga a hannu, ban san abin da zan yi ba.

Bukar ya tsaya a tsakiyar shago, ya ce, "Babagana, me na yi maka? 'Ya'yana biyar. Kashe ni ka so ka yi?"

Jama'a suka taru. Ina zaune a bayan kanta, makulli a ƙuguna. Kalma ɗaya ta ishe ni in faɗa. Ka waiwayo ka dube ni sau ɗaya, ba kallon tuhuma ba, kamar dai kana duba ko lafiyata ƙalau. Sannan ka ce, "Ka yi haƙuri, Ya Bukar. Ni na ɗaura, aikina ne."

Ka fita ka buɗe but ɗin. Koyil ɗin wufar ya zama gawayi, amfilifayar ta narke ta ciki, wayoyinta sun haɗe. Fis ɗin nan na kusa da batir, wanda na ce ɓata lokaci ne, shi ya tsinke ya hana wuta bin waya. Ba don shi ba, da motar ce za ta kama da wuta a tsakiyar shinge, kuma da babu wanda zai tsaya shinshina wari. Taurin kanka na minti biyar shi ya bar wa yaran nan ubansu. Na gani da idona a ranar, na kuma ja bakina na yi shiru.

Wannan shirun shi ne mafi munin abin da na yi. Na ce wa kaina kai namiji ne, yaro ne, za a manta. Na ce in aka ji mace ce ta jawo, 'yan uwan mahaifinka za su ce daman sun faɗa. Ina ganin motoci suna wuce shagonmu suna tsayawa a na gaba. Ina ji ana kiran ka mai bam a layi, kana murmushi kana ci gaba da share kanta. Kullum ka dawo gida sai ka durƙusa ka gaishe ni kamar yadda ka saba, ka tambaye ni ko ƙafata ta yi sauƙi. Ni da nake tashin ku sallar asuba da bulala, nake yi muku wa'azi a kan ƙarya, na kwana wata tara a kan ƙaryar da ban furta ba.

Yanzu ga faɗan, don kada ka ɗauka na canza hali. Ka yi kuskure kai ma. Biyayya ba ta kai inda za ka ɗaura abin da ka san zai cuci mutum ba. Ranar nan da ka ajiye sukuddireba ka ce, "Umma, ba zan ɗaura ba," da na yi fushi na kwana biyu, da Bukar bai kwanta a kwalta ba. A Kano za ka zauna a ƙarƙashin maigida. Ka girmama shi, ka riga shi zuwa shago, kada ka zauna yana tsaye. Amma in ya miƙo maka ƙaramar amfilifaya ya ce ka haɗa da babbar wufa a motar mutumin da ka san zai ƙure ta, ka ƙi cikin ladabi. In mai mota ne ya nace, ka nuna masa dalili sau biyu, in bai ji ba ya tafi wani shagon. Ka riƙa tambayar abin da motar ke yi: ta gida ce ko ta haya, me ake zubawa a but, awa nawa take yi a hanya. Kuma kada ka sake ɗaukar laifin da ba naka ba, ko na wane ne. Ka rufa mini asiri, Allah Ya rufa naka, amma ka bar ni cikin zunubi ina ganin kamar na tsira.

Abin da ya tashe ni shi ne maganar da Falmata ta yi shekaranjiya tana ninke maka kaya. Ta ce, "Umma, ai direbobin nan su ne masu zuwa Kano kullum. Kafin Yaya ya sauka labarin ya riga shi." Maganar ta zauna mini. Ashe ba guduwa za ka yi daga sunan ba, a mota ɗaya za ku tafi.

Jiya da hantsi, da na ce maka zan je dubiya, tasha na je. Na tarar da direbobin a rumfa suna shan shayi, sun kai goma sha biyar, Bukar yana tsakiya. Wani mai baki a cikinsu ya ce, "A'a, Hajja da kanta! Ko an zo sa mana wani bam ɗin ne?" Aka yi dariya. Na ce ya matsa mini benci, ƙafata ba ta son tsayuwa. Na zauna, na ce su kira shugabansu, don ba na son in faɗa sau biyu.

Na faɗa musu duka. Na ce kai ka nemi mai ɗari biyar, ni na hana. Na ce ka gargaɗe ni, na ci mutuncinka a gaban mutane. Na ce fis ɗin da ya hana motar kamawa da wuta kai ka sa shi bayan na ce kada ka sa. Na ce duk wanda ya kira ka mai bam daga yau, ya zo Lamisula ya kira ni, gidana ba ɓoyayye ba ne. Har mai shayi ya daina fifita wuta.

Bukar ya daɗe yana juya kofi a hannu. Can ya ce, "Hajja, tunda kin faɗi naki." Ya share fuska. "Yaron nan ya ɗiga jan fenti a kan maɓallin, ya ce kada in wuce nan. Kwana biyu na ji sautin kamar na rediyon mai gadi. Na sa bakin wuƙa na murɗe shi har ƙarshe. Ranar da ya buɗe but ɗin ya ga fentin ya kauce. Ya dube ni, na dube shi. Bai ce komai ba, ni ma na bar shi a haka."

Mai bakin nan ya ce, "To ashe ku biyu kuka haɗa bam ɗin, kuka bar yaro da suna!" Wannan karon babu wanda ya yi dariya sai shi kaɗai, shi ma bai kai ƙarshe ba.

Babagana, ban san da maganar fentin ba sai jiya. Manya biyu muka ɓuya a bayanka, kana sane da mu duka, kana gaishe mu. Ban san inda ka samo wannan hali ba. Ba a wurina ba ne.

Shugabansu ya ce in roƙe ka ka fasa tafiyar, motocinsu suna nan. Na ce a'a, ba zan roƙe ka ba. Na tsare ka sau ɗaya a kan abin da ka fi ni sani, ba zan ƙara ba. In ka ga dama ka tafi ka ƙaro sani da gaske, in ka ga dama ka dawo bayan shekara, shagon naka ne. Amma ko ka tafi ko ka zauna, da sunanka mai kyau za ka yi.

Bukar ya ce in gaya maka motarsa ce ta farko a layi gobe, ya ajiye maka gidan gaba. Ya ce shi zai kai ka har ƙofar shagon sabon maigidanka, ya faɗa masa da bakinsa wane ne ya kawo. Ka je. Kada ka yi masa fuska, ya ji kunya iyakar ji.

Ni kuma ina neman gafararka. Ba sai ka zo ka ce mini komai ba, ka san ba zan iya kallon ka ba. In ka yafe, da safe ka karɓi kunun daga hannuna.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa hannunka ya zama sanadin alheri ga duk motar da ka taɓa. Ya wuce da ku kowane shinge lafiya, Ya kare ku daga abin da ke cikin daji da abin da ke kan hanya. Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya ji ƙan mahaifinka. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka kira Falmata in kun sauka.

Wassalam.

Mahaifiyarka.